Badagry: Hanyar da Ta Taso Daga Ƙasar Hausa Ta Ƙare a Bakin Teku

A yau idan aka ambaci Badagry, abin da ke fara zuwa zuciyar mutumin Legas shi ne hutu. Gari ne a yamma da birnin Legas, kusa da iyakar Seme da ke shiga Jamhuriyar Benin, yana zaune a bakin wani dogon ruwa mai kwanciya wanda siririyar ƙasa ta raba shi da Tekun Atilantika. A ƙarshen mako mutane kan kwashi iyali su tafi gaɓar Suntan ko wurin shaƙatawa na Whispering Palms, su sha ruwan kwakwa, su ci gasasshen kifi, yara su hau doki a kan rairayi. Bahaushen da ya je yakan yi haka shi ma, ya leƙa gidajen tarihin cinikin bayi, ya ji tausayi, ya koma gida da tunanin cewa ya ga tarihin mutanen Kudu. Amma da yawa daga cikin waɗanda aka ratsa da su ta wannan gaɓa Hausa suke ji, kuma tafiyarsu daga Arewa ta soma.

Mazauna garin Egun ne, sarkinsu kuma Akran ake ce masa. Tashen Badagry a matsayin kasuwar bayi ya biyo bayan yaƙe-yaƙen Dahome. A 1724 Dahome ta ci Allada, a 1727 ta ci Wida, sai mutanen da suka tsere da 'yan kasuwar Turai suka yi gabas suna neman sabuwar tasha. A shekarun 1730 wani ɗan kasuwar Holan mai suna Hendrik Hertogh ya zauna a Badagry, garin ya cika ya batse. Abin da ya ba shi daraja shi ne hanyar da ta haɗa shi da daular Oyo. Ta Oyo ake gangaro da mutanen da aka kamo ko aka sayo daga Nufe da Bargu da ƙasar Hausa, a kai su Badagry da Porto-Novo da Legas.

Wannan kwarara ta ƙaru a farkon ƙarni na 19. Yaƙin da ya ɓarke a Gobir a 1804 ya watsu a ƙasar Hausa, kowane ɓangare yana kama fursunoni, wasu daga cikinsu kuwa ana sayar da su hannu zuwa hannu har su isa teku. Shaidar haka tana can ƙetaren ruwa, a Bahiya ta ƙasar Birazil. A 1807 hukuma ta gano wani shirin tawaye da bayi Hausawa suka ƙulla a birnin Salvador, a 1809 da 1814 kuma aka yi tawaye wanda Hausawa ke kan gaba. Babban tawayen da ake kira na Male, wanda ya faru a watan Janairun 1835 cikin azumin Ramadan, Yarabawa Musulmi ne suka fi yawa a cikinsa, amma akwai Hausawa, kuma an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. A ƙarshen shekarun 1840 jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa yana tambayarsu labarin garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, ya buga abin da suka faɗa masa a 1851. Mutanen ba su manta sunayen garuruwansu ba.

Cikin waɗanda suka bi irin wannan hanya akwai mutum ɗaya da tarihi ya riƙe sunansa. Abubakar Bagobiri ne, an kama shi, aka yi ta sayar da shi har ya isa gaɓar teku, aka sa shi a jirgin bayi. Jirgin yaƙin Ingila ya tare su a kan ruwa, domin Ingila ta haramta cinikin tun 1807 kuma ta sa jiragenta suna sintiri. Abubakar ya zama matuƙi a rundunar ruwan Ingila, Turawa suka laƙaba masa suna William Pascoe, ko Pasko. A ƙarshen 1825 ya sauka a Badagry a matsayin tafinta na Hugh Clapperton, Baturen da ya riga ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Sakkwato a 1824. A wancan zama sun yi maganar hana kai bayi teku da buɗe ciniki da Ingila, kuma don ƙarasa wannan magana Clapperton ya dawo. Daga Badagry suka bi ta Oyo da Bussa, suka isa Kano a 1826, sannan Sakkwato. Wato Abubakar ya taka hanyar bayi a juye, daga teku zuwa gida.

Tafiyar ba ta haifar da abin da aka so ba. Sakkwato na yaƙi da Barno a lokacin, Bello ya hana Clapperton wucewa da kyaututtukan da ya ɗauko wa Shehun Barno, kuma Clapperton ya rasu kusa da Sakkwato ranar 13 ga Afrilu, 1827. Baransa Richard Lander ne ya komo Badagry da takardunsa. Dillalan bayi 'yan Fotugal da ke garin suka zuga manya cewa ɗan leƙen asiri ne, aka sa shi ya sha guba a bainar jama'a don a gane gaskiyarsa. Ya sha, ya koma masauki ya amayar, ya rayu. A 1830 ya sake sauka a Badagry tare da ƙanensa John, da Abubakar kuma, suka bi Kwara daga Bussa har inda take faɗawa teku. Tambayar da ta daɗe tana damun Turawa game da ƙarshen wannan kogi, daga wannan gari aka tashi aka amsa ta.

Wanda ya san wannan labari zai kalli titin Marina na Badagry da wani ido. A nan ne kurkukun bayi na Seriki Williams Abass yake, gida mai ƙananan ɗakuna arba'in da aka gina a shekarun 1840. Shi kansa Abass Bayarabe ne da aka bautar yana yaro, aka kai shi Birazil, ya koyi karatu da harsuna, ya dawo ya zama dillalin bayi. Daga baya ya zama shugaban Musulmin garin, Turawa suka ba shi mulki, ya rasu a 1919. Sarautar Seriki da yake ɗauke da ita daga kalmarmu ta sarki aka aro ta. Masu zagayawa da baƙi za su nuna maka ɗaki mai ƙaramar taga ɗaya su ce mutum arba'in ake cusawa ciki, su nuna maka wata laima su ce da mutum arba'in aka musanya ta. Labarinsa yana da nauyi a kunnen Musulmi, domin wanda ya ɗanɗani mari ne ya koma yana sa wa wasu, kuma bai fita daga sahun masallaci ba.

Kusa da nan akwai ɗan gidan tarihi na iyalan Mobee, inda aka ajiye sarƙoƙi da mari da ƙarafan wuya, har ana barin baƙo ya ɗaga ya ji nauyinsu. Akwai filin kasuwar Vlekete, inda ake cinikin mutane. Akwai kuma babban gidan tarihin garin, a tsohon ofishin Di'o da aka gina a 1863, shekarar da Badagry ta shiga hannun Ingila bayan yarjejeniyar hana cinikin bayi da manyanta suka sa wa hannu a 1852. A wannan shekara ta 1863 ce John Glover ya tara Hausawa a Legas, galibinsu bayin da suka kuɓuta, ya kafa rundunar da ake ɗauka ita ce tushen sojan Najeriya.

Garin yana da wani tarihin kuma na zuwan mishan. A 1842 Thomas Birch Freeman ya yi wa'azi a ƙarƙashin bishiyar Agia, wadda ta faɗi a 1959, aka kafa dutsen tunawa a gurbinta. Gidan benen da 'yan mishan na Angilika suka kammala a 1845 yana nan tsaye, ana tallata shi da sunan bene na farko a Najeriya. Mutumin Kano ko Zazzau zai yi murmushi, don magina a birninsa sun daɗe suna ɗora soro a kan soro da ƙasa da azara. A ce shi ne bene na farko irin na Turawa, magana ta zauna. Duk da haka ya cancanci a hau shi, a ga ɗakin da ake dangantawa da Samuel Ajayi Crowther, wanda shi ma daga jirgin bayi aka ceto shi.

Ƙarshen zagaye shi ne tsallaka ruwa da kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu. Daga inda aka sauka akwai turba cikin rairayi da itatuwan kwakwa, tafiyar da ba ta kai sa'a guda ba, har zuwa bakin teku inda ake kira wurin da ba a komowa. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da mutanen gari ke cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta domin su manta gida. Idan da gaske an yi nufin haka, Hausawan Bahiya sun nuna ruwan bai ci su ba: sun riƙe salla, sun riƙe rubutu, sun riƙe sunan Kano da Katsina da Gobir.

Mantuwar a wajenmu ta fi yawa. Birazil ta rufe shigo da bayi a 1850, ta soke bauta a 1888, amma a Arewacin Najeriya sai a 1936 doka ta kawo ƙarshenta baki ɗaya. Muna da kasuwannin bayi da rinjoji a tarihin garuruwanmu, sai dai da wuya ka ga allo da ke nuna wurinsu, da wuya kuma ka ji an koya wa ɗan makaranta sunan Abubakar Bagobiri. Mutanen Badagry sun ajiye sarƙoƙin da kakanninsu suka yi amfani da su, suna nuna wa baƙo ba tare da sun ɓoye hannunsu a ciki ba. Don haka wanda Allah ya kai shi can hutu, ya sha ruwan kwakwarsa, ya bar yara su yi wasa da igiyar ruwa, amma ya taka turbar Gberefu da ƙafarsa tare da su, ya gaya masu daga ina wasu masu bin ta suka fito. In ya dawo gida kuma, ya tambayi dattawan garinsu inda kasuwar bayi take a da.