Kwana Ɗari da Marubutan Hollywood Suka Ajiye Alƙalami

Ranar 5 ga Nuwamba, 2007, marubutan fina-finai da shirye-shiryen talabijin kimanin 12,000 a Amurka suka ajiye aiki, suka yi cincirindo a ƙofofin kamfanoni a Los Angeles da New York ɗauke da kwalaye. Ƙungiyarsu, Writers Guild of America, ta kasa daidaitawa da gamayyar manyan kamfanonin shirya fim a kan ladan da ake biyan marubuci duk lokacin da aka sake nuna aikinsa ko aka sake sayar da shi.

Asalin rigimar yana can a shekarun 1980, zamanin kaset ɗin bidiyo. A lokacin kamfanoni suka ce kasuwar sabuwa ce, buga kaset yana da tsada, ba a san inda za ta dosa ba. Saboda haka aka amince kashi 20 cikin 100 na cinikin kaɗai za a lissafa, marubuci ya ɗauki kashi 1.5 na wannan kason. Daga baya faifan DVD ya zo, kuɗin bugawa ya faɗi warwas, ciniki ya bunƙasa, amma lissafin yana nan inda aka bar shi: kimanin santi 4 a kan faifan da ake sayarwa kusan dala 20. Marubuta suka nemi a ninka shi zuwa santi 8, ko da yake sun janye wannan buƙata dab da fara yajin.

Abin da suka ƙi janyewa shi ne batun intanet. Kamfanoni sun fara ɗora shirye-shirye a shafukansu tare da tallace-tallace, suna kiran hakan tallata haja, wanda ba ya wajabta biyan kowa. Suka sake kawo tsohuwar hujjar, wai kasuwar ba ta nuna ba tukuna. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Marubutan sun taɓa jin wannan zance, sun kuma san abin da ya jawo musu.

Masu kallo ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Shirye-shiryen barkwanci na dare suka koma maimaici tun daga daren farko, domin kullum ake rubuta su. Wasannin kwaikwayo masu dogon zango suka ɗan jure har rubutun da ke ajiye ya ƙare. Zango na biyu na Heroes ya tsaya a kashi 11, na uku na Prison Break a kashi 13, shi kuwa 24 aka ɗage zangonsa na bakwai ɗungurungum zuwa 2009. Tashoshi suka cike gurbi da gasanni da shirye-shiryen da ba sa buƙatar marubutan ƙungiya. A Janairun 2008 Jay Leno da Conan O'Brien suka koma aiki ba marubuta, har O'Brien ya riƙa juya zoben aurensa a kan tebur yana auna daƙiƙun da zai yi kafin ya faɗi, don dai ya ci lokaci. Bikin Golden Globe na 13 ga Janairu ya rikiɗe ya zama taron manema labarai, saboda 'yan wasa sun ƙi tsallake layin masu yajin.

Duk da wannan takaici, fushin jama'a bai sauka a kan marubuta ba. Ƙuri'ar jin ra'ayi da Jami'ar Pepperdine ta gudanar a Nuwamba ta nuna kashi 63 cikin 100 suna bayansu. Waɗanda suka fi jin jiki, aka kuma fi mantawa da su, su ne masu ɗaukar hoto, masu kwalliya, direbobi da masu dafa abinci, waɗanda aikinsu ya tsaya alhali ba su da kaso a abin da ake jayayya a kai. Cibiyar Milken ta ƙiyasta asarar jihar Kalifoniya da dala biliyan 2.1.

Yarjejeniyar da ƙungiyar daraktoci ta ƙulla a tsakiyar Janairu ce ta buɗe hanya, ga kuma bikin Oscar yana ƙaratowa. Ranar 12 ga Fabrairu, 2008, marubuta suka kaɗa ƙuri'ar janye yajin da rinjayen kashi 92.5. Sun samu iko a kan abin da aka rubuta domin intanet, da kashi 2 cikin 100 na kuɗin da mai rarrabawa ya samu a shekara ta uku ta yarjejeniyar, amma kamfanoni suka riƙe kwana 17 zuwa 24 na farko suna nuna shiri kyauta, wato daidai lokacin da aka fi kallonsa. Netflix a lokacin shekararsa guda kacal da fara nuna fim ta intanet. A Mayun 2023 marubutan suka sake fita, a kan ladan irin wannan kallo da kuma ƙirƙirarriyar basira, suka yi kwana 148.