Labarin Hanyar Ruwa Daga Lakwaja Zuwa Garwa

Wannan labari ne na kogin Binuwai, da jiragen da suka bi shi, da garuruwan da ke bakinsa. An rubuta shi domin tunawa da ma'aikatan En'e na lardunan Kabba da Binuwai da Adamawa, waɗanda a farkon zamaninsu ba su da wata babbar hanya sai ta ruwa. Ta nan wasiƙa ke zuwa, ta nan fatake ke kawo haja, ta nan kuma a ke fita rangadi. Garin da jirgi ke tsayawa ya bunƙasa, wanda jirgi ya daina tsayawa kuwa ya koma baya.

Farkon zuwan jirage masu inji

Tun kafin zuwan Turawa, Nufawa da Kakanda da Jukunawa su ne masu ruwa. Suna sassaƙa manyan kwale-kwale, suna ɗaukar mutane da dawaki da kaya. Cikin shekara ta 1830 waɗansu Turawa biyu 'yan'uwan juna, su Lander, suka gangara Kuwara daga Busa har teku, suka tabbatar da inda kogin ke faɗawa. Da labari ya kai Ingila, sai wani attajiri, Macgregor Laird, ya zo da jiragen hayaƙi biyu cikin 1832, ɗaya sunansa Kuwara, ɗaya Albarka. Amma tafiyar ba ta yi albarka ba, gama cikin Turawa 48 da suka taso, 9 kaɗai suka koma gida, zazzaɓi ya kashe mafi yawan saura.

Cikin 1854 Dokta Baikie ya hau Binuwai da jirgi mai suna Pleiad har ƙasar Muri, ya komo bai rasa ko mutum ɗaya ba, domin ya sa mutanensa shan kwini kullum. Wannan shi ya buɗe hanya. Bayan shekara uku ya sāke dawowa, jirginsa ya bugi dutse kusa da Jebba ya fashe. Daga baya ya zauna Lakwaja da yardar Etsu Masaba, Sarkin Nufe, ya kafa kasuwa. Sa'an nan kamfanonin ciniki suka biyo baya, har suka haɗu suka zama Kamfanin Neja, wanda Gwamnatin Ingila ta ba ikon mulkin bakin kogi cikin 1886.

Yadda a ke tafiya

Tsawon Binuwai wajen mil 870 ne, ya taso daga duwatsun ƙasar Kamaru. Halinsa biyu ne. Da damina ya kan cika ya batse, har wani wuri mutum ba ya iya shaida wanda ke tsaye a wancan ƙetare. Da rani kuwa sai ya janye, ya bar tsibiran rairayi, har yaro ya ratsa wani mashigin da ƙafa. Saboda haka manyan jirage ba su isa Yola sai daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba, Garwa kuwa 'yan makonni kaɗai cikin Agusta da Satumba. Aikin shekara guda, tilas a gama shi cikin waɗannan watanni.

Jiragen kamfani daga Burutu su ke tasowa, can kusa da teku. Gindinsu shimfiɗaɗɗe ne don kada su tafi da zurfi, da wata babbar ƙafa a baya mai dukan ruwa. Itace su ke ci, don haka a kan tara shi a mashigai, jirgi ya tsaya ya ɗiba. Matuƙan da ke nuna hanya 'yan ƙasa ne, da ido su ke karanta ruwa, su gane inda rairayi ya kwanta bana, gama inda jirgi ya bi bara ba lalle ya biyu bana ba. Mutum guda na tsaye a goshin jirgi da gora yana awon zurfi yana faɗa. Idan dare ya yi a ɗaure jirgi a gaɓa, sai asuba. Da hawa su kan kai gishiri da yadi da kananzir, da gangara su ɗauko gyaɗa da auduga da riɗi da fatu. Daga baya jirage masu cin mai suka maye gurbin masu cin itace, ƙananan jirage masu inji kuma suka yawaita.

Idan ruwa ya janye, sai a koma ga jirgin gora. Hakimi da malamin haraji da ɗan doka su shiga, matuƙa na dafa gora, a yini ba a ci wata tafiya mai yawa ba, a kwana bisa rairayi, dorina na kuka a gefe, sauro kuwa ba a magana. Haka a ke bin ƙauyukan masunta ɗaya ɗaya a yi ƙidaya, a komo da kuɗin Baitulmali cikin akwati, ana addu'a kada jirgi ya kife.

Garuruwan bakin kogi

Mafarin tafiya Lakwaja ce, inda Kuwara da Binuwai suka gamu. Wanda ya hau dutsen Patti da ke bayan gari zai hangi kogunan biyu sun haɗu, ko wanne da launin ruwansa, suna tafe kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya. A nan ne, ran 1 ga Janairu 1900, aka sauke tutar Kamfani aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya karɓi mulkin Nijeriya ta Arewa. Ba a daɗe ba aka ɗauke mazaunin Gwamna zuwa Jebba, sa'an nan Zungeru, amma Lakwaja ta ci gaba da zama matattarar jirage.

Idan aka shiga Binuwai aka fuskanci gabas, a hannun hagu za a iske Loko, mashigin Nasarawa da Keffi. Daga nan ayari ke kama hanyar Zazzau da Kano. Da aka fara haƙar kuza a dutsen Jos, a ka 'yan alaro ke sauko da ita har Loko a zuba a jirgi. Da dogo ya kai ƙasar Jos cikin 1914, sai wannan ciniki ya ƙaura.

Gaba da nan sai Makurɗi. Ƙaramin wuri ne a da, Razdan ma a Abinsi ya ke zaune, can gaba kaɗan. Da dogon gabas ya taso daga Fatakwal ya iso bakin kogi a nan, sai gari ya tashi, aka maido mazaunin lardi cikin 1927. Da fari a kan jirgin fito a ke ƙetarar da taragai, har aka gama babbar gadar ƙarfe cikin 1932, wadda tsawonta ya kusa rabin mil. Nan ne kasuwar riɗin da Tibi ke nomawa.

Bayan an wuce bakin kogin Katsina Ala, sai Ibi a hannun dama, mashigin Wukari, birnin Aku Uka, Sarkin Jukunawa. Ibi ta ga zamani. Nan Kamfanin Neja ya kafa babban sansaninsa na Binuwai, nan kuma Razdan na lardin Muri ya zauna. Cikin 1926 aka rushe lardin Muri, aka raba ƙasarsa tsakanin lardunan da ke maƙwabtaka da shi, ga shi kuma dogo ya bi ta Makurɗi. Sai ciniki ya janye, kantuna suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya riƙe sunan garin daga baya shi ne bikin kamun kifi na tafkin Nwonyo.

Daga Ibi a wuce bakin Donga da na Taraba, duwatsun Muri su bayyana daga arewa, a iso Lau, mashigin Jalingo. Gaba kuma sai Numan, garin Bachama, inda kogin Gongola ya faɗo cikin Binuwai.

Sa'an nan sai Jimeta, mashigin Yola. Modibbo Adama ya kafa Yola cikin 1841, ya ɗan janye ta daga bakin ruwa. Lamiɓen Fombina ba su saki jiki da Kamfani ba, shekara da shekaru cikin wani tsohon jirgi da aka ɗaure a ruwa ya ke ciniki. Tsoronsu kuwa ya tabbata, gama cikin Satumba 1901, ruwa na cike, soja suka hau kogi cikin jirage suka ci Yola. Lamiɗo Zubairu ya fita, aka naɗa ɗan'uwansa Bobbo Ahmadu. Hanyar da ta kawo gishiri ita ta kawo igwa.

Bayan an ƙetare iyaka an wuce bakin kogin Faro, sai Garwa, maƙurar manyan jirage. Jamus sun gina mata ganuwa, amma cikin Yuni 1915 sojan Ingila da na Faransa suka ci ta, da taimakon manyan bindigogin da aka hau da su ta kogi. Shekaru da yawa bayan haka, audugar arewacin Kamaru da ta Cadi ta nan ta ke gangarawa teku.

Yadda hanyar ta mutu

Dogo ya fara rage mata ƙarfi, mota ta daɗa. Da yaƙin basasa ya tashi cikin 1967 aka toshe ƙasan Kuwara, jiragen kamfani suka tsaya, bayan yaƙi kuwa ba su koma kamar da ba. Cikin 1976 aka rushe tsarin En'e, ƙananan hukumomi suka gaje ta. Cikin 1982 aka gama madatsar ruwa ta Lagdo sama da Garwa, tafiyar ruwa ta sāke, rairayi kuma ya yi ta cike hanya. Lakwaja da Makurɗi da Yola sun tsira domin sun zama mazaunin gwamnatocin jihohi. Loko da Ibi da Lau ba su sami wannan rabo ba.

Duk da haka kogi bai bar aikinsa ba. Kwale-kwale masu inji na kai mutane kasuwannin bakin ruwa, masunta na jefa taru, ambaliyar 2012 da ta 2022 kuwa ta tuna wa mutanen Lakwaja da Makurɗi ƙarfinsa. Wanda ya hau ƙaramin jirgi ya bi waɗannan garuruwa zai ga kufan kantuna da tsofaffin matsayan jirage, inda ma'aikatan da suka gabata suka sha zama da littafin haraji a hannu suna jiran ruwa ya kawo.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu cikinsu, ya sāka wa na raye da alheri. Amin.