Asalin Ƙananan Ayyukan Intanet da Mutanen da Ke Bayan Na'ura

A shekarar 1770, Wolfgang von Kempelen ya kai wa fadar Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya wani mutum-mutumi mai rawani irin na Turkawa, wanda ke buga dara irin ta Turawa yana kayar da gwanaye. Jama'a suka ɗauka injin ne ke tunani. Ashe ƙwararren ɗan wasa ne ke ɓoye cikin akwatin yana sarrafa hannun.

Sunan wannan na'ura kamfanin Amazon ya ara a 2005, lokacin da ya buɗe dandalin Mechanical Turk. Da farko kamfanin ya gina tsarin ne don kansa, saboda kwamfuta ta gaza gano kayan da aka saka sau biyu a shafinsa. Sai aka gutsuttsura aikin, aka rarraba wa mutane a kan 'yan kwabbai: wannan ya tantance hoto, wancan ya rubuta abin da ya ji a faifai. Akasari ba a gaya wa ma'aikaci amfanin da za a yi da guminsa.

Amma tun da wuri aka gane cewa ba kuɗi kaɗai ke zaunar da mutum gaban allo ba. A 2007, da masanin kwamfuta Jim Gray ya ɓace a teku kusa da San Francisco, dubban mutane suka duƙufa kan hotunan tauraron ɗan'adam a dandalin suna neman jirgin ruwansa, duk da cewa ba a dace ba. A 2013 kuma, Dana Chandler da Adam Kapelner suka wallafa gwajin da suka yi. Ma'aikatan da aka gaya wa cewa ƙwayoyin ciwon daji suke yi wa alama domin masu binciken lafiya sun yi aiki mai yawa. Waɗanda aka ce za a zubar da aikinsu kuwa, ingancin nasu ya faɗi.

Irin wannan aiki ne ya gina rumbun hotuna na ImageNet, wanda Fei-Fei Li ta jagoranta. Ma'aikata kusan 49,000 daga ƙasashe 167 suka tantance miliyoyin hotuna, kuma a kan waɗannan hotuna ƙirƙirarriyar basira ta yi babban tsalle a 2012. Sai dai kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna matsakaicin abin da ma'aikaci ke samu bai wuce kusan dala 2 a awa ba. Tun a 2008 Lilly Irani da Six Silberman suka kafa Turkopticon, inda ma'aikata ke faɗakar da juna kan masu hana lada.

Tarihin nan ya nuna mutum yana ƙara ƙwazo idan ya san inda guminsa zai je. Wajibi ne masu ba da aiki su gaya masa, kuma su biya shi haƙƙinsa cikakke.