Rundunar Haɗin Gwiwa ta Yammacin Afirka: Tarihinta, Tsarinta da Inda Rauninta Yake

Gabatarwa

A birnin Lome aka sanya hannu kan dokar da ta tsara rundunar haɗin gwiwa ta ƙungiyar ECOWAS, wato CEDEAO, ranar 10 ga Disamba 1999. Wannan maƙala ta bibiyi tarihin rundunar da tsarinta, kuma matsayarta ita ce: ba ƙarancin jarumta ko ƙarancin doka ne ya gurgunta ta ba. Abubuwa uku ne aka kasa daidaitawa a kansu tun farko: wa ke biyan kuɗi, wa ke ba da umarni, kuma wa ake yaƙa. Batun ya shafi Hausawan Zango na Lome kai tsaye, domin mazaunin unguwar Nyékonakpoè da ke dab da iyakar Aflao yana da dangi a Maraɗi, abokin ciniki a Kano, suruki a Kumasi.

Bindiga ta riga doka

Janar Yakubu Gowon na Najeriya da Janar Gnassingbé Eyadéma na Togo ne suka jagoranci kafa ECOWAS a Legas a 1975, don kasuwanci. Yarjejeniyar taimakon juna ta fuskar tsaro da aka ƙulla a Firitawun a 1981 ta tanadi rundunar ƙawance, amma a takarda ta tsaya. Da yaƙin basasar Laberiya ya ƙazanta, kwamitin sulhu na ƙasashe biyar, Najeriya da Gana da Gambiya da Mali da Togo, ya zauna a Banjul a Agusta 1990 ya kafa rundunar ECOMOG. Ranar 24 ga watan dakaru kimanin 3,000 suka sauka a Monrobiya. Togo da Mali ba su ba da soja ba, Burkina Faso da Kodebuwa kuwa suna ganin kwamitin ya wuce gona da iri.

Ba a yi mako uku ba raunin tsarin ya fito fili. Ranar 9 ga Satumba Shugaba Samuel Doe ya je hedikwatar rundunar a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya. Mayaƙan ɗan tawaye Prince Johnson suka same shi a can, suka karkashe masu tsaronsa, suka yi awon gaba da shi, dakarun ƙawance suna wurin. Kwamandan rundunar, Janar Arnold Quainoo na Gana, ya rasa ragamar aiki, aka miƙa ta ga Janar Joshua Dogonyaro na Najeriya. Daga nan har aka gama aikin Laberiya, ɗan Najeriya ne kwamanda. Dalilin a bayyane yake: Najeriya ce ta ba da mafi yawan soja da jiragen yaƙi, kuma gwamnatinta ta ce abin da ta kashe a Laberiya da Saliyo ya kai dala biliyan 8.

Gini Bisau ta nuna ɗaya ɓangaren. A 1999 aka tura dakaru kimanin 700 daga Togo da Benin da Nijar da Gambiya, ƙarƙashin kwamanda ɗan Togo, Faransa na ɗaukar ɗawainiyar sufuri, Najeriya ba ta ciki. A watan Mayu Janar Ansumane Mané ya kori Shugaba Vieira, rundunar ba ta iya hana komai ba. Ke nan idan Najeriya ta shiga a ce ta mamaye, idan ta janye aikin ya rushe.

Tsarin da aka rubuta a Lome

Shekarar 1999 ta Lome ce. Ranar 7 ga Yuli Shugaba Ahmad Tejan Kabbah da jagoran 'yan tawaye Foday Sankoh suka sanya hannu kan sulhun Saliyo a birnin, a Disamba kuma aka yi dokar rundunar. Dokar ta kafa Majalisar Sulhu da Tsaro mai ƙasashe tara, wadda ke yanke hukunci da rinjayen kashi biyu cikin uku, da hukumar hafsoshin tsaro mai ba da shawara, da majalisar dattawa masu shiga tsakani. Ta halatta tura soja idan rikicin cikin gida ya yi barazana ga yankin, ko aka kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati.

Sai dai rundunar ba ta da barikin kanta. Kowace ƙasa na ajiye bataliyarta a gida, ta ba da ita idan ta ga dama, kuma za a iya neman ta ɗauki nauyin watanni uku na farko kafin a mayar mata da kuɗinta. Zanen aro ba ya rufe katara. Kwamandan bataliya da albashinsa da ƙarin girmansa ke hannun gwamnatin ƙasarsa, umarninta zai fara saurara kafin na kwamandan ƙawance.

A kwatanta da rundunar gaggawa ta NATO da aka kafa a 1992. Ita ma aron dakaru take yi, amma tana da hedikwata ta dindindin, wadda ta koma Ingila daga Jamus a 2010, hafsoshin ƙasashe da dama na aiki tare a cikinta kullum. An kuma amince tun farko cewa Birtaniya ce uwar tafiya. Abin da aka yarda da shi a fili a can, a nan ana yin sa ne cikin zargin juna.

Wa ake yaƙa?

Za a iya cewa ai tsarin ya yi aiki a Gambiya a Janairu 2017, lokacin da dakarun ƙawance suka tilasta wa Yahya Jammeh sauka. Gaskiya ne, amma Gambiya ƙaramar ƙasa ce da Senegal ta kewaye, kuma kan shugabanni ya haɗu. Nijar ba haka take ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, taron Abuja na 10 ga Agusta ya ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana. Sanatocin Najeriya ba su goyi baya ba, malamai da sarakunan Arewa suka yi ta jan kunne, domin mutumin Katsina ba ya kallon na Maraɗi a matsayin maƙiyi. Rundunar ba ta motsa ba.

Takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar ne ya motsa, kuma ɗan kasuwa ya ji a jikinsa. Da aka rufe gadar Malanbil da Gaya da ke tsakanin Benin da Nijar, kayan Nijar suka karkato tashar ruwan Lome. Direban tirela ya ɗauko shinkafa ko magani, ya haura zuwa Sinkase, ya bi Kaya da Dori da Tera, yana jiran rakiyar soja na kwanaki ko makonni, kuɗin kwana na ƙaruwa, farashi na tashi a kasuwar Yamai. Ƙarshenta Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancen AES a Satumba 2023, suka fice daga ECOWAS ranar 29 ga Janairu 2025, suka kuma sanar da tasu rundunar mai dakaru 5,000. A daidai wannan zamani 'yan bindiga suna ratso iyakar arewacin Togo. Tun a Mayu 2022 sun kashe sojoji takwas a Kpékpakandi. Ga maƙiyin da kowa ya yarda maƙiyi ne, amma rundunonin yankin sun kasu gida biyu.

Kammalawa

Tarihin ya nuna cewa rundunar ƙawance tana tasiri ne inda aka yarda da abokin gaba, aka kuma san mai biya. Don haka gyaran ya kamata ya fara daga nan: a ware kaso tabbatacce daga harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari da ECOWAS ke karɓa kan kayan da ake shigowa da su, a ƙarfafa hedikwata ta dindindin, a rubuta matsayin Najeriya da iyakokinsa a fili, a kuma mayar da hankalin rundunar kan 'yan bindigar da ke ƙetare iyakoki. Togo, wadda mahukuntan Nijar suka nemi ta shiga tsakani a 2023, tana magana da ɓangarorin biyu. Ya kamata ta yi amfani da wannan dama ta haɗa ECOWAS da AES kan tsaron iyakoki da hanyoyin fatauci, ko da sun ci gaba da saɓani a siyasa.