Daga Dutsen Kwatarkwashi Zuwa Kyamarar Kan Katanga

Tsaro a yankin Zamfara da ido ya fara. Mutanen Kwatarkwashi, a ƙasar Bungudu ta yau, sun daɗe suna zaune a jikin dutsensu domin wanda ke sama yana hango ƙurar mahaya tun suna nesa, haka ma tsohon garin Tsafe da duwatsu ya jingina. Da Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, a zamanin jihadi, garin ya bi tsarin biranen ƙasar Hausa, wato ganuwa da ƙofofi da masu tsaronsu. Aikin mai tsaron ƙofa kuwa uku ne: ya gani, ya riƙe abin da ya gani, ya kai labari. Wanda ya ga baƙo ya shige da magariba, gari ya waye ya kasa faɗin kamanninsa da lokacin shigarsa, bai yi tsaro ba, kallo kawai ya yi.

Da jirgin ƙasa ya iso Gusau a 1927, kamfanonin sayen gyaɗa da auduga suka kafa kantuna da rumbuna a wajen tsohon gari, sai gadi ya zama sana'ar albashi. Maigadi na zaune bakin ƙofa da tocila da usur da gora, mai dukiya kuma ya san inda raunin maigadin yake, wato barci, shi ya sa yakan kewayo cikin dare ya duba. Bayan Gusau ta zama hedikwatar Jihar Zamfara a 1996, musamman da matsalar 'yan bindiga ta tsananta, kyamarori suka hau katangun bankuna da gidajen mai da manyan shaguna. An sayi sabon ido, amma an watsar da tsohuwar al'adar kewayawa a duba shi.

Barcin kyamara a na'urar naɗi yake, kuma ba ya nunawa a fuska. Hoto na iya fitowa tangaran a allo alhali rikoda ta yi makonni ba ta ajiye komai ba. Wani lokaci faifan ajiya ne ya cika ba a saita shi ya riƙa goge tsohon hoto ba, wani lokaci faifan kwamfuta aka sa mata, wanda ba a yi shi don aikin dare da rana ba, zafin bazara da ƙurar hunturu suka ƙarasa shi. In aka ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi an yi asarar mintuna, kuma in ƙaramin batirin agogon na'urar ya mutu, sai kwanan wata ya koma baya, hoton daren jiya ya fito da shekarar da ta wuce. Ko adireshin kyamara ya sauya bayan wutar ta dawo, rikoda ta yi ta nemanta ba ta samu ba. Mai gyara na ƙwarai yakan fara da neman hoton jiya, sannan ya bi wuta, ya bi waya, ya duba faifai da agogo.

Wani zai ce kyamara ba ta tare harsashi. Gaskiya ne, amma mai hange daga kan dutse ma bai taɓa tare doki ba. Amfaninsa gargaɗi ne da shaida. Wani kuma zai ce a tura hoton ta intanet a huta. Watan Satumban 2021 ya ba da amsa, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara don yaƙar 'yan bindiga: duk abin da ya dogara da layin waya kaɗai ya tsaya cak. Tsada ma ba ta wadatar, domin kwangilar kyamarorin Abuja ta 2010, ta dala miliyan 470, ta ƙare da turaku tsaye babu aiki. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma a gaban alƙali ganin da aka ajiye ne kaɗai ke magana. Duk wanda ya kafa kyamara a Gusau ko Tsafe ko Bungudu, ya yi abin da masu kantuna a da suka yi wa maigadi: ya kewayo kowane mako, ya buɗe hoton daren jiya, ya tabbatar yana nan.