Ƙidayar Tsuntsayen Hunturu a Tafkin Nokoué

Wanda ya taso daga unguwar Zango a Kwatano ya nufi kasuwar Dantokpa, zai tarar da kasuwar a bakin wani mashigin ruwa. Faransawa ne suka haƙa shi a 1885, suka haɗa tafkin Nokoué da teku, ruwan gishiri ya riƙa kutsawa cikin tafkin. Kifi da jatan lande suka sami wurin zama, tsuntsayen da ke cin su kuwa suka biyo baya. Wasunsu 'yan gida ne, kamar balbela da zalɓe. Wasu baƙi ne da ke gudo wa sanyin Turai, su yi hunturu a nan, su koma in ya wuce.

Ƙaurar tsuntsu ba baƙon abu ba ce ga Bahaushe, wanda ya daɗe yana gane ƙaratowar damina da zuwan shamuwa. Abin da ya zo daga waje shi ne a zauna a ƙirga su, a rubuta.

Al'adar ta samo asali ne a Amurka. A can, mafarauta kan yi gasa ranar Kirsimeti, a ga wanda ya fi kashe tsuntsaye. A 1900 wani masanin tsuntsaye, Frank Chapman, ya ba da shawarar a ajiye bindiga a ɗauki alƙalami. Mutum 27 ne suka amsa kiransa a wurare 25, ba wanda aka biya ko anini. A 1967 aka fara ƙidayar tsuntsayen ruwa ta ƙasa da ƙasa, wadda ƙungiyar Wetlands International ke jagoranta a yau, Jamhuriyar Benin kuma tana cikin ƙasashen da ke shiga.

Tsakiyar Janairu ake yin ta, domin a lokacin baƙin sun gama isowa, ba su fara shirin komawa ba. In aka ƙirga kusan lokaci guda a Senegal da Benin da Nijeriya, da wuya a lissafa garke ɗaya sau biyu. Masu aikin, waɗanda da yawansu 'yan sa-kai ne, sukan shiga kwalekwale da sassafe riƙe da tabarau mai hangen nesa, kuma sai da jagorancin masunta, don su suka san lungunan ruwan.

Lissafin shekara ɗaya ba ya faɗin komai. Sai an jera na shekaru da yawa ake ganin ko wani jinsi yana raguwa. A Janairun 2000 aka saka tafkin, tare da ƙasan kwarin kogin Ouémé, cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ta 1971 ta amince da muhimmancinsu. Sai dai takarda ba ta hana sharar birni da ta kasuwa gangarawa cikin ruwan da mutanen Ganvié suka kafa gidajensu a kai, wanda kuma daga cikinsa ake kamo kifin da ake kaiwa Dantokpa.