Babur da Ma'aikacin Birni: Tarihin Besfa da Roba-roba Daga Mahaifarsu Zuwa Titunan Kano

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bi sawun babur na zirga-zirgar yau da kullum, watau irin wanda malamin makaranta ko akawu ko ɗan tireda kan hau ya tafi wurin aikinsa ya komo, tun daga ƙasashen da aka fara ƙera shi har zuwa zamansa a biranenmu. Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu shi ne wani yayi da ya kunno kai a ƙasashen Turai da Japan da Indiya, inda kamfanoni ke ƙera sabon babur da gangan a cikin siffar na da, suna kuma sayar da shi da tsada saboda wannan siffa. Mu kuwa a nan, siffar ba ta taɓa barin titi ba balle a ce ta dawo. Za mu duba dalilin haka, sa'an nan mu duba yadda darajar mai babur ta riƙa hawa da sauka a idon jama'a da na hukuma. Mun ɗauki birnin Kano a matsayin misali, ko da yake mahalarta wannan taro da suka zo daga Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi za su ga garuruwansu a cikin bayanin.

Asalin Siffar

Babura biyu ne suka kafa siffar da muke magana a kanta, kuma dukkansu 'ya'yan talaucin bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Na farko shi ne Vespa, wadda Bahaushe ya mayar Besfa. A shekarar 1946 ne kamfanin Piaggio na ƙasar Italiya, wanda da jiragen sama yake ƙerawa kafin yaƙi ya rusa masana'antarsa ta Pontedera, ya fito da ita. Wanda ya zana ta, Corradino D'Ascanio, injiniyan jirgin sama ne da ba ya ƙaunar babur saboda ƙazantar sarƙa da wahalar sauya taya. Don haka sai ya ɓoye injin a gefen tayar baya, ya kawar da sarƙa, ya mayar da giya hannu, ya kuma yi wa mahayi garkuwa a gaba da faffaɗan wurin ajiye ƙafa. Ma'anar sunan a harshensu ita ce zanzaro, saboda siririn ƙugunta da kuma ƙararta.

Na biyu shi ne Super Cub na kamfanin Honda, wanda ya fito a Japan a shekarar 1958. Soichiro Honda da abokin kasuwancinsa Takeo Fujisawa sun zaga Turai a 1956 suna nazarin ƙananan babura, suka koma gida da niyyar ƙera abin da yaron gidan abinci zai iya tuƙawa da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana riƙe da tiren taliya. Daga nan aka sami kulocin da ke kama kansa ba sai an matsa da hannu ba. Injinsa ƙarami ne, sisi 49, amma mai bugu huɗu, watau ba a gauraya masa fetur da baƙin mai kamar yadda ake yi wa Besfa ta wancan zamani. An ba shi manyan tayoyi masu inci 17 domin hanyoyin Japan na lokacin yawancinsu ba kwalta, an rufe sarƙarsa ruf don ƙura, an kuma yi garkuwar gabansa da roba. Wannan roba ce ta ba shi, shi da 'ya'yansa da jikokinsa, sunan roba-roba a bakin Hausawa. A shekarar 2017 kamfanin ya ba da sanarwar cewa ya ƙera guda miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa.

Idan aka lura da kyau, za a ga cewa matsalolin da waɗannan maƙera suka warware su ne ainihin matsalolin ma'aikacin Kano. Mutumin da ke sanye da babbar riga ba zai iya ɗaga ƙafa ya tsallake tankin mai cikin mutunci ba, kuma sarƙar da ke buɗe maƙiyiyar bakin wando ce. Babur mai buɗaɗɗen tsakiya ya ba malami damar ya tattara rigarsa a cinya, ya isa aji farar shaddarsa ba ɗigon baƙin mai. D'Ascanio matan Italiya masu siket ya tuna, amma alhazan Fagge suka ci moriyar tunaninsa.

Zamanin Daraja

Kafin babur, keke ne abin alfaharin ma'aikaci, musamman Raleigh, har samari kan yi masa ado kamar doki. Akwai babura a ƙasar nan tun zamanin Turawa, sai dai ba su zama ruwan dare ba sai bayan yaƙin basasa, lokacin da kuɗin man fetur suka fara shigowa. Abin da ya fi kome tasiri shi ne rahoton hukumar Jerome Udoji, wadda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972 don duba tsarin aikin gwamnati. Hukumar ta miƙa rahotonta a 1974, aka ƙara albashi ƙwarai, aka kuma biya ariyas na watanni a dunƙule a farkon 1975. Ƙaramin ma'aikacin da bai taɓa riƙe kuɗi masu kauri haka ba ya wayi gari da abin da zai sayi rediyo ko ya ƙara aure ko ya sayi babur, wasu ma suka haɗa biyu daga ciki. Shekara guda bayan haka aka ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare ga kowa, aka ɗauki dubban sababbin malamai aka watsa su unguwanni da ƙauyukan da ba motar haya mai zuwa a kan lokaci.

A wannan zamani babur ya rarrabu bisa ga matsayin mahayinsa, ko da yake ba doka ce ta raba ba. Besfa ta dattawa ce da 'yan kasuwa da manyan malamai, masu tafiya a natse. Samari masu jini a jika sun fi son Suzuki da Yamaha da manyan Honda masu tanki a gaba, don ƙara da gudu. Roba-roba kuwa na akawu ne da malaman asibiti da duk mai lissafin kuɗin mai. Kasuwar ta bunƙasa har kamfanonin Japan suka ga ya kamata a riƙa harhaɗa baburan a cikin gida, kamar yadda Honda ta kafa reshenta na Nijeriya a 1979, da masana'anta a Ota ta Jihar Ogun. A haye kuwa, watau Jamhuriyar Nijar, mobilet ta Faransa ce ta riƙe wannan matsayi, abin da ke nuna cewa har a kan abin hawa iyakar da Turawa suka shata ta yi aikinta.

Ya kamata a tsaya a nan a faɗi abin da mallakar babur ke nufi a lokacin, domin ɗalibanmu na yanzu ba su gan shi ba. Babur kadara ce da ake shigarwa zaure da dare a lulluɓe, a goge ta da asuba kafin a yi wanka. Kowane mai babur yana da makanikensa kamar yadda yake da wanzaminsa, kuma shi kansa ya san yadda ake kankare fulogi da wanke kafireta. Iyayen yarinya kan tambayi abin hawan manemi, idan aka ce yana da babur to an faɗi cewa yana da albashi. Hasali ma, a ganinmu babur ya taimaka wajen faɗaɗa birnin kansa, domin shi ya ba ma'aikaci ƙarfin halin karɓar fili a bayan ganuwa, nesa da wurin aikinsa.

Daga Kadara Zuwa Jari

Rana ba ta daɗe tana haskawa ba. Farashin man fetur ya faɗi a kasuwar duniya, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, sa'an nan gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986. Naira da ke kafaɗa da kafaɗa da dala ta koma wajen huɗu a kan dala ɗaya cikin 'yan watanni, ta ci gaba da zamewa. Sabon babur ya gagari mai albashi, kayan gyara suka yi tsada, motocin haya suka ragu. A cikin wannan hali ne ma'aikacin da aka sallama, ko wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ya fara ɗaukar fasinja da yamma a kan baburin da ya saya don mutuncinsa. Kano ta kira sana'ar acaɓa, wasu garuruwa suka ce kabu-kabu, mutanen kudu kuma suka ce okada.

Wannan sauyi ya sauya irin baburin da kasuwa ke nema. Ɗan acaɓa ba ruwansa da babbar riga. Abin da yake so shi ne doguwar kujera mai ɗaukar mutum biyu ko uku da buhu, da araha, da sauƙin gyara. Sai ga baburan Sin, musamman Jincheng, wanda kwafin wani tsohon Suzuki ne mai bugu biyu, daga baya kuma Boxer na kamfanin Bajaj na Indiya ya ture shi saboda tsimin mai. Da yawa daga cikin sauran baburan Sin kuwa injinsu kwafi ne na Honda CG125 na shekarar 1975, wanda tun asali aka ƙera shi don ƙasashen da mutane ba su cika sauya baƙin mai a kan kari ba. Ashe ke nan abin da muke kira sabon babur a kasuwar Kano, zanen shekara arba'in ne ko hamsin aka sake yi wa fenti. Wannan shi ne amsar tambayar da muka yi a farko: tsohuwar siffa ta zauna da mu ne domin ita kaɗai aljihunmu da makanikanmu da hanyoyinmu za su iya ɗauka.

Illar da ta biyo baya ita ce hukuma ta daina bambance mai babur da ɗan acaɓa. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta hana 'yan acaɓa ɗaukar mata, ta kawo babura masu ƙafa uku da aka sani da A Daidaita Sahu. A ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano, har aka ga wasu mahaya sun kifa ƙwarya a ka don gudun kamu. Dokar tana da kyau, domin raunin kai ne ke kashe yawancin waɗanda suka faɗi a babur, amma an kawo ta ba tare da shiri ba, ta kuma shuɗe ba tare da ta kama ba. Daga nan sai matsalar tsaro ta shigo. Bayan hare-haren 20 ga Janairun 2012 an taƙaita hawan babur da dare, kuma bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero a ranar 19 ga Janairun 2013, gwamnatin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso ta hana goyo a babur a cikin birni. Ba mu musun cewa akwai dalili mai ƙarfi a lokacin. Abin da muke cewa shi ne, malamin da ke kai 'ya'yansa biyu makaranta a kan roba-robansa ya shiga cikin hukuncin laifin da bai ji ba bai gani ba, kuma gadojin sama da na ƙasa da aka yi ta ginawa daga baya duk an zana su ne da mai mota a zuciya.

Tsohon Yayi a Matsayin Ado

A daidai lokacin da babur ke zubar da daraja a nan, a can mahaifarsa girma yake ƙara samu. A 2014 hukumar rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ta Japan ta amince da siffar Super Cub kanta a matsayin tambarin kasuwanci, abin da ba a saba yi wa abin hawa ba. A 2018, shekara sittin cif da fitowar na farko, Honda ta fito da samfurin C125, wanda aka yi masa launi da surar na 1958, amma a cikinsa na'ura ce ke auna mai maimakon kafireta, birkinsa na faifai ne, ba ya ma bukatar a zura mabuɗi. A Indiya, Royal Enfield ya farfaɗo daga durƙushewa da samfurin Classic na 2009, wanda ke kwaikwayon baburan Ingila na bayan yaƙi. Mai sayen irin waɗannan a Tokyo ko Milan sau da yawa yana da jirgin ƙasa a ƙofar gidansa. Marmarin zamanin kakansa yake saye.

A wurinmu kuwa, abin da ya dawo da ma'aikaci kan babur shi ne janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, ta kuma wuce naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Malaman kwaleji da dama, har da masu manyan digiri, sun jingine motocinsu sun koma kan ƙaramin babur mai cin kilomita hamsin ko fiye da lita guda. Abin sha'awa shi ne irin wanda suke zaɓa: yawanci mai buɗaɗɗen tsakiya ne, jikan Super Cub ko na Besfa, irin su Lifan, domin dai har yanzu akwai babbar riga, kuma domin kada mai tsayawa a bakin titi ya ɗaga musu hannu ya ce a kai shi Sabon Gari. Siffar da Turawa ke saye don ado, a nan ta zama shaidar cewa mahayin ba haya yake yi ba.

Sai dai sabon samfurin da ake yi a can ba lalle ne ya dace da mu ba. Na'urar auna mai ba ta jure gurɓataccen fetur na 'yan bumburutu, kuma makaniken da ya ƙware a kafireta ba shi da kwamfutar da zai gano cutarta. Tsohuwar Besfa ta daɗe a hannun dattawan Kano ne saboda kayan gyaranta na zuwa da araha daga Indiya, inda kamfanin Bajaj ya shekara fiye da talatin yana ƙera irinta da sunan Chetak. Kamfanin ya daina ƙera ta a tsakiyar shekarun 2000, sa'an nan a 2019 ya dawo da sunan da zagayayyar siffar a kan wani babur mai aiki da batir, ba tanki ba fulogi. Wanda zai hau irinsa daga Kabuga zuwa Bompai kullum sai ya fara tabbatar da cewa unguwarsu na samun wutar da za ta cika batirin kafin gari ya waye.